Taragon Baba Gadi da Awaki Tara

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin reluwe, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da na tuƙa jirgin dabbobi a tashar Ƙaura, ni da ban taɓa zama direba ba. Ku da kuka kama aiki bayan abin ya wuce kuna jin ana tsokanata da shi, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. To yau ku ji daga bakin mai shi.

Sunana Ladan, fita ne ni a sashen tarago. Aikina duba ƙafafun tarago da birki da maƙalan da ke haɗa wannan da wancan. Sama da ni akwai shugaban tasha, a lokacin Malam Bello ne, sama da shi kuma sai ofishin shiyya, inda takardu ke fitowa. Ƙaura ita ce ƙarshen layi, daga nan dogo bai ƙara gaba ba. A lokacin da nake ba ku labari jirgi ya daɗe bai shigo mana ba, aikinmu ya koma sharar ciyawa a kan dogo da shafa giris ga abin da ba ya motsi.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, sai ga takarda daga shiyya cewa nan da mako uku injiniya za ta zo duba tsofaffin kaya. Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba su sani ba. Ana rubuto jerin taragun da suka daɗe a ajiye. Injiniya ta zo ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta ga ya gama aiki, sai a zana masa alama da jan fenti. Da zarar jan fentin nan ya hau jikin tarago, magana ta ƙare, 'yan gwangwan ne za su zo da wutar yanka su kwashe shi gunduwa-gunduwa.

Malam Bello ya kira ni ofis, ya nuna mini layi na ƙarshe a jerin. Taragon gadi ne, wanda ke layin gefe bayan sito.

Gadin jirgi fa ba maigadi ba ne. Shi ne ma'aikacin da ke zama a tarago na can ƙarshen jirgi, da usur da tuta ja da kore. Direba na jan jirgi, amma sai gadi ya ba shi kore zai tashi. A cikin taragonsa akwai birkin hannu, wani zagayayyen ƙarfe kamar sitiyarin mota, wanda yake murɗawa idan jirgi na gangara ko wani abu ya faru. A jirgin shanu kuwa taragon nan ba nasa ba ne shi kaɗai, yana raba shi da 'yan rakiya, mutanen da fatake ke haɗawa da shanunsu tun daga Ƙaura har Ikko. Namu shi kaɗai ya rage a duk wannan reshen.

"Ladan," in ji Malam Bello, "fataken Shinkafi sun kai koke a dawo musu da jirgin shanu. Ka san yadda hanyar mota ta zama, ba mai son ya zuba dukiyarsa a tirela yanzu ya kama addu'a. In aka yanka wannan, ko an dawo da jirgin, wa zai san yadda ake ƙera na 'yan rakiya? Dole injiniyar nan ta ga amfaninsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me za ta gani? Gara ta cinye benci da tebur, daɓen ya rufta, kuma zuma ta tare a ciki shekara biyu. Ko ni ba na shiga."

Sai bakina ya jawo mini aiki. Akwai wani bidiyo da na taɓa gani a waya, wasu tsofaffin Turawa sun shimfiɗa ƙaramin dogo a lambu, sun ƙera jirgi wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba, sun hau kansa da furfurarsu suna zagaye bishiyoyi suna busa usur. Na nuna masa don mu yi dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya kalla sau uku, ya miƙo mini wayar ya ce, "Mako uku gare ka."

Na yanke cewa wajen awo, duk tsawon ƙafa huɗu na jirgin gaske zai zama ƙafa ɗaya a ƙaramin da zan ƙera. Kan jirgi ɗaya, taragun shanu uku, sai na gadi a baya. Dogon na yi shi da ƙarfen kwana da muka ciro daga rusasshen shinge. Ƙafafun kuwa gangunan birkin babur ne, na bi masu gyaran babur na bakin tasha na tattaro. Wani abokina mai walda ya ba ni aron injin tsohon babur ɗinsa da ya sha hanyar Kasuwar Daji har ya gaji. Wajen taragon gaske na auna shi da tef da sassafe kafin zumar ta warware, duk da haka ɗaya ta same ni a fatar ido, na kwana biyu ina aiki da ido ɗaya.

Abin da ya gagare ni shi ne cikin taragon. Na yi shekaru ina kwanciya ƙarƙashin irinsa ina duba birki, amma ban taɓa tafiya a cikinsa ba. Sai Malam Bello ya aika ƙauyen Banga aka ɗauko Baba Ɗan'asabe, tsohon gadi da ya yi ritaya ya koma noma. Ƙungiyar fatake kuma ta turo Alhaji Mamman na Katuru, babban falke a karar Shinkafi, wato kasuwar shanu, wanda da rakiyar shanu ya fara tun yana saurayi. Mun ɗauka mun yi dabara. Ba mu san mutanen nan sun san juna ba.

Alhaji Mamman na shigowa sito ya tsaya cik. Ya ƙura wa Baba ido, ya ce, "Kai ne!"

Baba ya gyara zama a kan buhu ya ce, "Awo, ni ne. Ka zo da fas ɗinka?"

Fas ita ce takardar da ake ba ɗan rakiya don ya shiga taragon gadi. Ashe shekaru kusan arba'in da suka wuce, wata rana da la'asar tsakanin Funtuwa da Zariya, ruwa ya kece, Mamman ya zo shiga tarago Baba ya ce ya nuna fas. Shi kuwa fas ɗin yana aljihun gaba lokacin da ya sunkuya tayar da wata saniya, ta sa harshe ta zare ta haɗiye. Baba ya ce doka ba ta san cikin saniya ba. Haka Mamman ya yi tafiyar nan tsakiyar shanu, ruwa na dukansa, har Kaduna.

"Har yau in hadari ya taso sai na tuna hwuskarka," in ji Alhaji.

"Da ka kawo saniyar na duba, da na bar ka ka shiga," in ji Baba.

Da waɗannan mutane biyu na yi kwana goma sha biyar. Na yi rufin ƙaramin taragon mai ɗaguwa don a ga ciki, kuma kowane taƙi na cikin nan sai da aka yi rigima a kansa. Baba ya ce teburinsa na nan kusa da taga, da maratayin fitila, da akwatin tutoci. Alhaji ya ce teburin banza, benci ne babba, mai ɗaukar mutum shida, da randa a kusurwa an ɗaure ta da igiya don kada ta kife, da wurin jingine sanduna, da fili daidai shimfiɗar buzu don salla. Na yi musu randa da gwangwanin madara. Alhaji ya ɗaga ya duba ya ce bakinta ya yi faɗi, ruwa zai zube kafin Gusau.

A cikin rigimar nan na koyi aikin. Na tambayi dalilin da ya sa tagar gadi ta turo waje kamar kumburi. Baba ya ce don ya hango jikin jirgi gaba ɗaya idan an sha kwana, ya ga ko wata ƙafa na hayaƙi. Na tambayi dalilin ƙofa biyu da matakala har ƙasa-ƙasa. Alhaji ya ce don jirgi na tsayawa 'yan rakiya su diro ta kowane gefe su bi taragu da gudu suna leƙawa. Saniya in ta faɗi a cikin tarago, 'yan uwanta ke tattake ta, in ba a tayar da ita ba kafin tasha ta gaba sai dai wuƙa. Minti kaɗan gare su, su tayar da wadda ta faɗi, su ba da ruwa inda akwai famfo, su dawo kafin Baba ya ɗaga kore.

"Kuma shina ɗagawa ko kana tsakiyar shanu," in ji Alhaji.

"Ƙarya kake. Sau nawa na yi kamar tutar ta ɓace mini don ku iso?"

Wannan Alhaji bai taɓa sani ba.

Rigima ɗaya ce tawa da Baba. Na yi birkin hannun don ado, ɗan zagayen ƙarfe na liƙa da walda a barandar baya. Baba ya sa yatsa ya murɗa, ya ga ba ya motsi, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Baba, kwaikwayo ne ai. Nuni kawai za a yi."

"Ɗana, taragon da ba ya da birki akwati ne. In akwati kaka so ka nuna ma baƙuwa, ni in koma gonata, gero na jirana."

Kwana biyu cur na ɓata ina haɗa masa birkin gaske, da zare da sanda da takalman katako masu kama ƙafafu huɗu. Ina yi ina ƙunƙuni.

Muka shimfiɗa dogon daga dakalin lodin shanu ya hau zuwa gaban ofis, tsawon kamar filin ƙwallo. Wurin yana da ɗan tudu, dakalin ne a ƙasa. Bayan dakalin kuwa akwai lambatu mai zurfi, ruwan damina ya cika shi. Na yi niyyar kafa tokare a ƙarshen dogon, lokaci ya ƙure ban yi ba. Alhaji ya sayo 'yan awaki tara ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, su ne shanunmu, har da wani ɗan bunsuru ja mai taurin kai. Ran Talata muka gwada ba kaya, jirgi ya hau ya sauko lafiya, ma'aikata na tafi.

Ran Laraba da hantsi injiniya ta iso. Sunanta Injiniya Rabi, mace ce mai matsakaicin shekaru, da farin gilashi da takalmin aiki a ƙarƙashin doguwar riga, ba ta da yawan magana. Direbanta na biye da ita da gwangwanin jan fenti da buroshi. Ya ajiye motar daidai gefen lambatun nan, don nan ne inuwa. Ta fara da taragun kaya, ta duba, ta ƙwanƙwasa, ta ce a shafa. Huɗu aka shafa a gabanmu. Da ta nufi bayan sito Malam Bello ya sha gabanta.

"Ranki ya daɗe, kafin wancan, muna roƙon minti goma."

Ta dubi agogo. "Goma fa, Malam Bello. Ina so in bar hanyar nan da rana tsaka."

Ta zagayo ta ga abin da ke jiranta. Ban san wa ya yaɗa labari ba, amma rabin Ƙaura na wurin. 'Yan acaba sun jera babura, masu awo sun baro rumfunansu, har wasu fatake daga Zurmi sun zo da motar haya. Ga jirgi na walƙiya da sabon fenti. Ga Baba Ɗan'asabe a cikin tsohon kakinsa, wandon ya yi masa yawa ya ɗaure da igiya, hula a kai, usur a wuya. Ya haye rufin ƙaramin taragon ya zauna kamar mai hawan jaki, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, tutoci a hammata. Injiniya ta cire gilashi ta goge ta mayar.

Alhaji ya yi lodi da kansa yana bayani. Ya ce shanu kai da wutsiya ake jera su, a matse, kowace ta tokare 'yar uwarta, in aka bar fili nan ne ake faɗuwa. Ya sa uku-uku. Ya ce taragon tsakiya na yi shi da faɗi, ban ji maganarsa ba.

Ni kuwa a lokacin gumi nake. Ƙarfen da ke soke maƙala ya haɗa tarago da tarago, mu fil muke ce masa. Na ƙera guda huɗu. Da na zo haɗa kan jirgi da tarago na farko, na huɗun ya ɓace. Na duba aljihu, na duba ƙasa, na duba akwatin kaya, babu. Injiniya na duban agogo. Sai na ga ƙusa 'yar inci shida a ƙasa, na ɗauka na soka, na ce a raina minti goma ne, za ta riƙe. Ni fita, mai shekara ashirin da wani abu a kan maƙala.

Malam Bello ya buga ƙararrawar tasha, guntun dogon nan da ke rataye a baranda. Baba ya duba gaba, ya duba baya, ya busa usur, ya ɗaga kore. Na zauna a kan jirgi na murɗa. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ƙafafu suka juya. Jirgi ya tashi!

Wallahi ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa a tashar nan ba. Tsofaffi na kabbara, 'yan acaba na danna ham, awaki na kuka, wata tsohuwa mai sayar da fura ta saki guɗa. Ni kaina na manta shekaruna. Ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara, har da cire hula. Mun wuce rabin tudu sai na ji injin ya yi sauƙi, jirgi ya ƙara gudu, na ce kai, ashe injin nan yanzu ya warware. Na ƙara masa wuta. Na iso gaban ofis ina washe baki, na ga ba mai kallona. Kowa ya juya baya, hannu a ka.

Na waiwaya. Ni kaɗai ne. Taragu huɗu da awaki tara da Baba suna komawa inda suka fito, da baya da baya, gudu na ƙaruwa, sun nufi ƙarshen dogon da ba tokare, ga lambatu, ga motar injiniya.

Na diro na bi su da gudu ina salati, amma na san ba zan cim musu ba. Abin da na gani daga nesa shi ne wannan. Baba bai yi ihu ba. Ya cusa kore a hammata, ya zaro ja ya cije ta a baki, ya sunkuya baya ya kama ɗan zagayen ƙarfen nan da yatsu uku. Bai murɗe shi gaba ɗaya ba. Ya murɗa, ya saki kaɗan, ya murɗa, ya saki. Katako ya fara ƙara yana hayaƙi. Mutane na watsewa daga dakali, direban injiniya ya yar da gwangwanin fenti ya ruga wajen mota yana neman makulli. Jirgin ya rage, ya rage, ya yi wata girgiza, ya tsaya. Daga baya na auna, tsakanin ƙafar baya da ƙarshen dogo taki ɗaya ne da rabi.

Girgizar nan ta zubar da awakin taragon tsakiya, wanda na yi da faɗi. Ɗaya ta faɗi, bunsurun nan ya haye kanta. Kafin kowa ya motsa sai ga Alhaji Mamman, mutum mai shekara saba'in da tumbi, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya fizge sandar wani makiyayi, yana bin taragu da gudu yana leƙawa yana wani irin kira da ban taɓa ji ba, "Hoi! Hoi! Tashi, 'yar nema!" Ya ɗage bunsuru da hannu ɗaya, ya tayar da akuyar, ya shafa ƙafafunta, ya leƙa na gaba, ya leƙa na baya, ya juyo yana haki ya ɗaga wa Baba hannu.

"Gadi! Sun tashi duka!"

Baba ya cire tuta daga baki ya ce, "To shigo, ko babu fas."

Wurin ya fashe da dariya. Alhaji ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da hawaye, hularsa ta faɗi. Ni dai ban yi dariya ba, don na hango injiniya ta sunkuya a tsakiyar dogo ta ɗauki wani abu. Ta tako har gabana ta buɗe tafin hannu. Ƙusar ce, ta lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Wa ya haɗa maƙalar nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Mene ne aikinka a nan?"

"Fita. Sashen tarago."

"Ina fil ɗin?"

Na ce ya ɓace. Sai muka ji Malam Bello ya ce, "Wai wannan?" Yana hannunsa. Tun safe ya tsince shi a bakin sito ya ga ya yi daidai da buga ƙararrawa, da shi ya sallame mu. Aka sake kwashewa da dariya, amma ita ta ce mini a hankali, "Ɓatan fil ba laifinka ba ne. Ƙusar ce laifinka. Dattijo ka ɗora a kai." Ta sa ta a jaka. Gaskiya ta faɗa.

Daga nan ta wuce wajen Baba, ta rusuna ta gaishe shi, ta tambaye shi yaushe ya gane jirgin ya rabu, don ta lura hannunsa ya kai birki tun kafin mutane su yi ihu.

"Ɗiyata, ba da ido aka ganewa ba. Gadi da mazaunai shika jin jirgi. Jan jirgi ya saki, na san mun rabu."

"Me ya sa ba ka murɗe shi gaba ɗaya ba, Baba?"

"In na murɗe, ƙahwahu su daskare su zame, dabbobi su zube kan juna. Ni in tsira, dukiyar mutane ta mutu? Ai sannu aka yi."

Ta juya ga Alhaji ta tambaye shi me yake dubawa a ƙafar akuya. Ta sa aka ɗaga rufin, ta durƙusa tana nuna abubuwa ɗaya-ɗaya, benci, randa, ƙofofi, taga. Ta tambaya ko akwai littafin da aka rubuta duk wannan. Suka dubi juna. Baba ya ce littafin doka ya faɗi aikin gadi, amma bai san da randa ba. Ta ciro littafinta ta zauna a kan dakali. Mai minti goma sai da ta yi azahar a tasharmu, direbanta na ta zagaye yana duban rana.

Kafin ta tafi ta ce a haɗa jirgin da fil na gaske, ta duba da hannunta, ta sa aka kafa guntun katako a ƙarshen dogo. Sannan ta ce Baba ya sauka. Ta tattare riga ta haye rufin taragon, ta karɓi tutoci, Baba na gefe yana gyara mata riƙo. Ta busa usur, bai yi ƙara ba, ta sake busawa. Sau biyu na kai ta gaban ofis na dawo da ita, tana murɗa birki a gangara tana dariya kamar ba ita ce ta shafa wa taragu huɗu fenti da safe ba. Bayan ita Malam Bello ya hau. Bayan shi limamin masallacin tasha ya ce shi ma sai ya ɗana.

Taragon gaske ta tsaya daga nesa ta dube shi, ta zagaya. Ba ta da ikon cire shi daga jerin ita kaɗai, sai shiyya ta amince. Abin da ta yi shi ne ta rubuta a gefen layinsa cewa a dakata.

Bayan kamar wata ɗaya ambulan biyu suka zo. Ta farko ta ce an cire taragon gadi daga jerin yanka, a gyara shi a adana. Ta biyu tawa ce, takardar tuhuma, in yi bayani a rubuce dalilin da ya sa na haɗa maƙala da abin da ba a amince da shi ba alhali akwai mutum a kan abin hawa. Na amsa da gaskiya, layi huɗu. Aka ba ni gargaɗi, yana cikin fayil ɗina har yau, shi kaɗai ne a ciki. Jirgin shanu kuwa bai dawo ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Fatake na nan suna bin maganarsu.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, mu masu spana mun saba ganin aikin reluwe ƙarfe ne, in ƙarfe ya yi tsatsa aiki ya ƙare. Na ƙera taragon nan da hannuna, amma ba ni na san shi ba. Rabin saninsa na Banga ana noman gero da shi, rabi na karar Shinkafi ana cinikin bijimai, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su sai da aka kusa yanka abin. Ku da kuke sababbi, in tsohon ma'aikaci ya tsaya muku a kan wani ɗan abu da kuke ganin ado ne, ku yi masa, ko kuna ƙunƙuni. Kuma kada ku taɓa cewa minti goma ne kawai.

Mun kori zumar, mun gyara daɓen taragon, mun sa sabon benci. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, in hanya ta yi kyau, dattawan nan biyu suna zuwa su zauna a ciki, a kawo musu shayi, ni kuma in zauna a matakala da littafi ina rubuta abin da suke faɗa. Na cika littafi biyu. Makon jiya Baba ya ce in rubuta cewa shi ya ceci awaki tara. Alhaji ya ce in rubuta takwas, ta taran shi ya tayar da ita. Na rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi.